Ajiye Tsumagiyar, Baba, Ba Gudu Za Ta Yi Ba

Na san tun daga kan take wasunku sun taɓe baki. Ina hango wani dattijo a Kambaza ya tura hula ƙeya yana cewa, "To, ga 'yan boko nan sun taso. Mu da munka haifi goma munka aurar da bakwai, mu za a koya ma riƙon ɗiya?" Allah ya huci zuciyarka, Baba. Wane ni in koya maka. Wasu kayanka ne ka jefa bayan rumbu ka manta da su, har yau in an nuna maka sai ka rantse na Turawa ne. Su na zo in kakkaɓe in miƙo maka.

Kukan dai ɗaya ne a kowace majalisa, daga Kambaza zuwa Dalijan, daga Gwandu zuwa Kalgo. Yaran yanzu ba su jin magana. Ba su iya komai ba. Saurayi ga gemu ya fara tsirowa, amma sai an buga masa ƙofa sallar asuba, sai an ba shi kuɗin kati, sai an nuna masa inda ya ajiye takalminsa. Duk na yarda. Tambaya ɗaya gare ni, kuma kada a harare ni: wa ya rene su? Ban dai ji an ce ranar kasuwar Jega aka sayo su a buhu ba.

Mu fara da abin da kowa ya taɓa gani a ƙofar gida. Maigida ya fito da babur zai shiga Gwandu. Ɗan shekara huɗu ya sheƙo a guje ya rungume ƙafarsa, shi ma sai an je da shi. Uban ya yi murmushi ya ce, "To, maza je ka sa takalminka, ina jiranka." Yaro ya ruga ɗaki yana tuntuɓe, ya lalubo ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado, ya samo ɗayar a bakin murhu. Yana fitowa sai ƙura da hayaƙi. Ya tsaya da takalmi a hannu, ya wage baki ya tsala ihu, manya kuwa suna dariya, wai an yi masa dabara. Dabara ce, ban musa ba. Sai dai ranar an karantar da shi darasi mai kyau, kuma ya haddace: in kana son ka rabu da mutum, faɗa masa abin da yake son ji ka sulale. Shekara goma nan gaba za ka aike shi da kuɗin taki ya dawo maka da labari mai daɗi, ka riƙe baki kana cewa ba ka san inda ya koyo ƙarya ba. A gida ya yi karatunsa, Malam, kuma kai ne shugaban makarantar.

Kafin ka ce wannan maganar masu jajayen kunne ce, ka tambayi limamin unguwarku labarin Abdullahi ɗan Amir da Abu Dawud ya ruwaito. Yana yaro mahaifiyarsa ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) yana zaune a gidan. Ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. A kan ƙwayar dabino ke nan. To ina ga tafiya Gwandu a babur? Ka ce masa yau ba za a je da shi ba, ranar Juma'a za a je. Zai yi kuka, kuka ba ya kisa. Ranar Juma'a kuma ka ɗauke shi ko da sama da ƙasa za su haɗu.

Ke ma Inna kada ki ɓoye bayan ƙyaure kina dariya. Ke ce mai "yi shiru ko in kira dodo", ke ce mai "ga mai allura nan tafe". Sai ranar da masu rigakafi suka shigo layi, a nemi yaro a rasa, a same shi cikin rumbu yana kyarma, ki ce ba ki san inda ya gado tsoro ba.

Yanzu ga babbar magana, wadda na san saboda ita kuka gyara zama. "An buge mu muna yara, ga mu mun zama mutane." Masha Allah, kun zama. Kuma na lura duk uban da ke faɗin haka shi ne na ɗaya a ajinsu, bai taɓa satar mangwaro ba, bai taɓa gudu daga makarantar allo ya tafi wanka a tafki ba. Ina dai mamakin inda 'yan ajin da suka zo na biyu zuwa na arba'in suka shige, don ban taɓa haɗuwa da ko ɗaya ba. Amma tsakaninka da Allah, Baba, me ka tuna game da mahaifinka da ya sa ka zama mutum? Dukan ne, ko kuwa ganinsa da ka yi kullum yana fita gona kafin rana ta fito, da ranar da ya mayar wa wani da canjin da aka ba shi bisa kuskure? Dukan ka tuna zafinsa. Halin kuwa a idonka ka kwashe shi.

Ban ce ku zama Suwidin ba, ƙasar da ta haramta dukan yara tun 1979. Ku bar su da sanyinsu. Namu malaman sun ishe mu. Ibn Khaldun, mutumin Tunis, ya rubuta Muƙaddima a 1377, kuma ya ware babi guda kan illar tsanantawa ga ɗalibai. Abin da ya lura da shi shi ne yaron da aka rena da duka da tsawa yakan zama malalaci, ya koyi ƙarya da munafunci, don ya saba nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba saboda tsoron hannu. Shekara fiye da 600 ke nan, babu intanet, babu ƙungiyoyin kare haƙƙin yara, balle a ce su suka saye shi.

Na ga Malam ya ɗaga yatsa. Na san abin da zai kawo: hadisin umartar yara da sallah a shekara bakwai, a buge su a kanta a shekara goma. Hadisin yana nan daram, ba mai taɓa shi. Amma Malam, ka ƙirga abin da ke tsakanin bakwai da goma. Shekara uku cur, sallah biyar kowace rana, ya haura sau 5,000 ana kira, ana tunatarwa, ana riƙe hannu a tafi masallaci, kafin a zo maganar duka. A kan sallah fa, ginshiƙin addini. Kuma malamai sun yi sharaɗi: ban da fuska, ban da dukan da ke raunatawa. Kai kuwa ɗan shekara biyar ya kifar da kofin koko, kafin kofin ya gama juyawa a ƙasa ka riga ka wanke shi da mari. Wane babi ka karanto wannan?

Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma, tun yana yaro, kuma ya shaida cewa ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Akwai ranar da ya aike shi, ya bi ta wajen yara suna wasa ya shagala, irin dai abin da naka ya yi jiya da ka aike shi sayen magi. Da ya same shi, ta baya ya riƙo shi yana dariya, ya tambaye shi ko ya je aiken. Anas ya ce yanzu zai tafi, ya kuma tafi.

"To sai mu zuba musu ido su hau kanmu?" A'a, Gwaggo, ba wanda ya ce haka. Horo yana nan, sai dai ya yi kama da laifin. Ya zubar da ruwa, miƙa masa tsumma ya goge. Ya bar akuya ta shiga dawar maƙwabci, shi zai taka da ƙafarsa ya yi sallama ya ba da haƙuri, kai kana tsaye a bayansa. Wallahi wannan tafiyar ta fi masa bulala goma ciwo, kuma ba zai sake barin igiya a kwance ba. Dokokin gida su zama kaɗan, waɗanda yaro zai iya ƙirgawa da yatsun hannu ɗaya, kuma kada Baba ya hana Inna ta ba da ta bayan fage. Yara sun fi alƙali sanin inda ake ɗaukaka ƙara. In za ka yi masa faɗa, ja shi zaure ku biyu. Wanda aka tozarta a gaban abokansa ba ya jin nasihar, dariyarsu kawai yake ji. Tsawa kuma a rage ta. Mutanen gidan da ke jikin injin niƙa ba su ma san injin yana ƙara ba, haka kunnen yaron da ake yi wa ihu daga asuba zuwa isha.

Sai yabo, wanda a wajenmu ya fi naman Sallah tsada. Wai in ka yabi ɗa a gabansa kansa zai kumbura. Ga kuma kunyar ɗan fari, wanda ko sunansa ba a kamawa, sai "kai" da "wancan". Ban zo rushe alkunya ba, ado ce. Amma akwai hanya. Ka faɗa wa uwarsa, da murya daidai yadda zai jiyo daga bayan danga: "Yau wanga yaro shi ya ba dabbobi ruwa ba wanda ya sa shi." Shi ke nan. Ba ka dube shi ba, ba ka zubar da girmanka ba, gobe kuwa tun kafin ka farka ya cika kwatarniya. Ka dai ambaci aikin da ya yi takamaimai. "Yaron kirki" kowa ana ce masa, har wanda ba na kirkin ba.

Yanzu bari in ciro babban kayan da na ce kun jefa bayan rumbu. Gayauna. A tsarin gandu, uba da 'ya'yansa maza suna noma babbar gona tare, amfanin ya shiga rumbun gida. Amma kakanninmu sukan yanka wa ɗa 'yar gonarsa, ya nome ta da yamma bayan an tashi daga gandu, ko ranar da ba a fita. Abin da ya samu nasa ne, ya sayi riga, ya sayi tunkiya, ya fara tarin aure. Yarinya kuma uwarta ko kakarta ta ba ta kaza, kaza ta yi 'ya'ya, a sayar a sayi akuya. Mutanen da ba su taɓa shiga aji ba suka gano cewa ba a koya wa yaro riƙon amana da baki, sai an damƙa masa abin da zai iya lalacewa a hannunsa. Yau da wani Bature zai zo Birnin Kebbi ya tara ku a otal, ya raba jaka da biro, ya bayyana muku wannan da Turanci, da kun tafa masa har da neman hoto.

Ƙasarmu ta albasa ce, Aliero ma da ita ta yi suna. To idan sanyi ya shigo, iri ya isa dashe, ka ware wa ɗan shekara tara ko goma fangali biyu a gefen naka. Ka nuna masa tazarar dashe sau ɗaya, ka nuna masa ban ruwa, ka ce, "Wannan naka ne, riba da hasara." Makon farko har da rana tsaka za ka gan shi tsugune yana leƙen ko ta girma. Mako na uku an buga ƙwallo a filin makaranta, ya manta da ita. Ganye ya langaɓe, ciyawa ta taso. A nan ne jarrabawar take, kuma taka ce, ba tasa ba. Hannunka zai yi ƙaiƙayi iri biyu: ko ka janyo ruwa ka ba ta da kanka, ko ka karyo reshe. Ka sa hannun a aljihu. Ku bi ta wajen tare kamar ba da gangan ba, ku tsaya tsakanin fangalinsa da naka mai kore shar, ka ce, "Mi ya sami albasarka?" Sai ka yi shiru. Shirun nan zai yi aikin da bakinka bai taɓa yi ba.

Ranar cira, tasa za ta fito ƙanana. Bar shi ya ɗauka ya kai kasuwa, ya yi ciniki da bakinsa, kai ka koma gefe kana gaisawa da mutane. Mai saye zai ɗan taɓa shi, ba komai, kuɗin makaranta ne. Ya ƙirga kuɗinsa da kansa. Daga nan sai wurin da yawancinku ke faɗuwa warwas: "Kawo in ajiye maka." Jama'a, wa ya taɓa ganin kuɗin da aka ajiye wa yaro sun dawo? Duk kuɗin barka da Sallah da iyaye mata suka karɓa ajiya a ƙasar Gwandu, da za a tara su, da an shimfiɗa kwalta har ƙofar kowane gida. Saya masa asusu na ƙasa, ya jefa da hannunsa, ya fasa da hannunsa. In dole ta sa ka ranta, ka kira shi rance, ka sa rana, ka biya. Yaron da ubansa ya biya shi bashi ba zai girma yana cin na mutane ba.

Ina jin wata Hajiya daga can tana cewa, "Mu ai ɗiyanmu sun fi kowa dogaro da kai, tun suna shekara shida suke talla." Hajiya, sannu da ƙoƙari, na san ba don daɗi ake ɗora wa yarinya faranti ba, rayuwa ta yi tsada. Amma a duba. Ta fita da safe lokacin da sa'o'inta ke aji, ta yini a tasha tsakanin 'yan acaɓa da direbobi, ta dawo ta juye miki kuɗin kaf, in naira hamsin ta ɓace ta sha duka. Me ta mallaka a ciki? Wace shawara ta yanke? Wannan ke kika dogara da ita. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare, kuma tun kafin dokar, Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. In tallar ta zama dole, a yi ta bayan an tashi makaranta, a cikin unguwa, kuma a ware mata nata kaso komai ƙanƙantarsa. Haka wanda ya kwashi ɗan shekara shida ya kai wani gari da kwano, bai sake leƙa shi ba sai shekara ta zagayo, yana cewa yana koya masa zama namiji. Yarinta gare shi, Malam, bai yi laifin da za a yi masa hijira ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu so har ya yi yawa. Ɗan shekara uku ya zauna a dandamali yana kokawa da takalmi, ya sa na dama a hagu, ya miƙe yana tafiya kamar ba shi ba, fuska cike da alfahari. Kafin ya yi taku uku uwa ta fizgo shi, "Kawo nan, ba ka iya ba." Ta cire ta sake sa masa. Haka riga, haka cin tuwo, haka wanka. Kalmar "ba ka iya ba" yana jin ta sau goma a yini, to don me zai musa miki? Ya yarda bai iya ba, kuma zai riƙe wannan har ya yi gemu. Bar shi ya je ya dawo da takalmin a juye, ƙafarsa za ta gaya masa. Ba shi zaɓi tsakanin riga biyu. In zai yi aike, a fara da gidan Kawu da ke jikin naku, sannan mai shago a bakin layi, da kuɗi da lissafin canji. Kuma ɗa namiji ya wanke kwanon da ya ci, ya share ɗakinsa, ya iya dafa ko da shinkafa da wake. Na san za a ce aikin mata ne. To ranar da ya sami gurbi a jami'ar tarayya da ke Kalgo ko ta jiha da ke Aliero, sai ki bi shi ɗakin kwanan ɗalibai da tukunya.

Masu cewa yaro yaro ne, ba a ba shi babban abu, su taka zuwa Gwandu, ga hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo nan. Shi da kansa ya rubuta a Ida'un Nusukhi, littafin da ya lissafa malamansa, cewa ya karanta Alƙur'ani a wajen mahaifinsu, kuma yana ɗan shekara goma sha uku aka damƙa shi a hannun wansa Usmanu. Wan nan a lokacin saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Uba ya yarda da babban ɗa ya ba shi amanar ƙarami, ga abin da aka samu. Muhammadu Bello kuma, haifaffen 1781, bai cika talatin ba lokacin da ya kafa Sakkwato a 1809. Kai kuwa naka yana da ashirin da biyar, ko buhun gero ba ka yarda ya sayar ba sai kana tsaye a kansa, sannan ka je majalisa kana cewa ba shi da wayo. A ina zai samo shi?

Waya ba zan daɗe a kanta ba, don na ga wasu sun fara soke tasu a aljihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa jariri kada a ba shi kallon allo sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Shawara ce mai kyau. Sai dai uban da ke cewa "ajiye wayar nan" idonsa na kan TikTok, ya san amsar da yaron ke ba shi a zuci. A kife su duka lokacin cin tuwon dare, ta Baba a fara kifewa. In kaka tana gidan, a tura mata jikokin ta yi musu tatsuniya, ta tsokani "mijinta" ya rama. Yaro yakan gaya wa kakarsa abin da ba zai taɓa gaya maka ba, kuma ta san wanda za ta kawo maka da wanda za ta binne.

Na san har yanzu akwai wanda bai gamsu ba, yana girgiza kai yana cewa nasa ɗan daban ne, kunnen ƙashi gare shi, sai da bulala. To ba gardama, Baba, mu yi caca irin wadda shari'a ba ta hana ba. Bana ka yanka masa fangali biyu, ko ka ba ɗiyarka kaza ɗaya. Ka cika duk alkawarin da ka yi musu, ka daina wanda ba za ka cika ba. Daga dashe zuwa cira kawai nake roƙo. In albasa ta nuna ba ka ga wani canji ba, ka aiko a kira ni Kambaza, ni zan saye ta duka a farashin da ka yanka. Amma a hannun yaron zan biya.